Hamma Ne Ya Zaɓa Mini

"Ni dai na gama magana, Nuruddeen. In ka ga dama ka ɗauka, in ka ga dama ka bar shi a nan."

Hajiya A'i ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai daga turmin atamfar da take ninkewa ba. Shagonta yana tsakiyar layin 'yan atamfa a Kasuwar Gombe, inda ko tari ka yi sai maƙwabta sun ji. Don haka ƙasa-ƙasa take maganar, amma kowace kalma da nauyinta.

Nuruddeen ya dubi ambulan ɗin da ta ajiye masa a kan tebur. Fom ne na shiga makarantar koyon aikin jinya.

"Umma, wata shida ke nan Baffan Rumaisa yana jiran magabatana. Kunyar haɗa ido da shi nake ji."

"Ni kunyar da nake ji fa? Shekara huɗu ina gaya wa matan layin nan surukata likita ce. Har yau wasu in sun zo wucewa sai sun ce, Hajiya, yaushe likitarmu za ta fito? Me zan ce musu? In ce an koro ta?"

"Ba kora ba ce, Umma, jarrabawa ce ta..."

"Sau biyu." Ta ɗaga masa yatsu. "Ni ban ƙi Rumaisa ba, a gabana ta girma a Manawashi. Amma yarinyar da ta kasa riƙe karatu, ta yaya za ta riƙe gida? Ta cike wannan. Ko nas ce, a ce dai tana sa fararen kaya. Ranar da ta samu gurbi, ni da kaina zan kira kawunnanka su je. In ta ƙi, ga Batul ɗin Yayana can a Kano, ta gama karatun haɗa magunguna tana zaune."

Ya ɗauki ambulan ɗin. Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne, a wannan lokacin daɗi ya ji. Gani yake ƙofa ce aka buɗe masa.

Yana tuƙi zuwa unguwar Gabukka, inda Malam Bubayero, mahaifin Rumaisa, ya gina gida ya koma bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, tunaninsa ya koma shekara takwas baya.

A lokacin katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Manawashi. Shi yana shekarar farko a jami'a, yana karatun injiniya, ita kuma 'yar shekara sha huɗu, ta gama aji uku na sakandare. Hamma take kiransa kamar yadda take kiran yayyenta. Wata yamma Malam Bubayero ya kira shi tsakar gida, ya miƙa masa takarda biyu, ɗaya sakamakon jarrabawarta, ɗaya fom ɗin zaɓen aji.

"Nuru, kai ne ɗan jami'a. Duba mana."

Ita ce ta ɗaya a lissafi, ita ce ta ɗaya a kimiyya. Amma a fom ɗin, da fensir, ta yi alama a gaban ajin adabi.

Ya tuna dariyar da ya yi.

"Baffa, mai wannan kan a kai ta adabi? Ai asara ce. Adabi na waɗanda lissafi ya kayar ne."

Tana tsaye jikin randa, tana wasa da bakin hijabinta. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Hamma, ni tarihi nake so da labarai."

"So ba ya ciyar da mutum. Labari ki karanta a hutu."

Ya karɓi fensirin hannunta ya goge alamar, ya ɗauki biro ya yi wata a gaban kimiyya. Malam Bubayero ya sa hannu yana sa masa albarka.

Daga nan komai ya tafi yadda ya faɗa. Ta gama sakandare da sakamakon da ya sa shugabar makaranta ta zo har gida. Ta samu gurbin karatun likita a karon farko. A shekararta ta biyu a jami'a ya buɗe baki ya gaya mata abin da ke ransa, ta rufe fuska ta gudu cikin gida, washegari ta amsa masa ta waya. Duk dangi suka ce sun dace, injiniya da likita.

Sai ga babbar jarrabawar da ake tace ɗaliban likita da ita. Ta faɗi. Ta maimaita, ta sake faɗuwa. Aka sallame ta.

Bayan la'asar ya isa. Dada Yelwa, mahaifiyar Rumaisa, ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule a taƙaice, ta ce ya shiga falon baƙi.

Ya ɗan jima kafin Rumaisa ta shigo da tire, ƙwaryar dakkere da nono a kai. Ta rame. Hijabin da ya san yana zama mata daidai yanzu ya yi mata yawa. Ta ajiye tiren, ta zauna a ƙasa nesa da shi.

"Hamma, ina wuni."

"Lafiya lau, Rumaisa. Yau da albishir na zo."

Ta ɗago da sauri. Ya daɗe bai ga irin wannan hasken a idonta ba.

"Umma ta yarda?"

"Ta yarda. Abu ɗaya kawai ta ce, kuma ƙarami ne."

Ya miƙa mata ambulan ɗin. Ta zaro takardar ta karanta kan shafin. Ta sake karantawa, sannan ta ajiye ta a kan dardumar a hankali kamar mai tsoron kada ta fashe.

"Shekara uku ne kawai," ya ce. "Ke da kika yi karatun likita, wannan wasa ne a wurinki. Ko ba ki buɗe littafi ba za ki ci. Da an ba ki gurbi kawunnaina za su zo."

"Asibiti dai."

"To me ye a ciki? Kin riga kin san hanyar. Bayan biki kuma ki rubuta labaranki yadda kike so, ni zan saya miki kwamfutar ma. Ranakun da ba ki da aiki..."

"A hutu."

Ya gane maganarsa ce ta shekara takwas baya ta mayar masa.

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Hamma, zan gaya maka abin da ko Dada ban gaya wa ba. Ka bar ni in kai ƙarshe."

Ya gyaɗa kai.

"Jarrabawar farko gaskiya na faɗi, don ban yi karatu ba. In na buɗe littafi sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Amma ta biyu na yi karatu. Wata huɗu ban ɗaga kai ba, saboda kai, saboda Baffa. Da aka raba takarda na karanta tambayoyin, Hamma, na san su. Babu wadda ban sani ba."

"To me ya faru?"

"Na riƙe biro. Sai zuciyata ta ce mini, in kika rubuta, shi ke nan, wannan ce rayuwarki har ki mutu. Na rubuta lambata a saman takardar. Na zauna ina kallon agogo har aka ce a tashi."

Nuruddeen ya matso bakin kujera.

"Rumaisa, kin san abin da kike faɗa? Da gangan?"

"Ban san ko da gangan ba ne. Hannuna ne ya ƙi. Na yi ta roƙonsa ya ƙi."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini abin ya kai haka ba?"

Ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Na gaya maka. Ranar da aka fara shigar da mu ɗakin gawarwaki na kira ka ina kuka. Na ce warin maganin da ake zuba musu ya ƙi barin hancina, na ce ba zan iya ba. Ka ce kowa haka yake farawa, zan saba. Shekara guda ban ci nama ba, Hamma. Dada ta yi ta kai ni wurin masu magani, tana zaton shafar aljanu ce. Na sake gaya maka a hutun azumi, a nan inda kake zaune. Ka ce in daina shagwaɓa, dubun mutane suna neman gurbin da na samu."

Ya tuna. Har rigar da ke jikinsa ran nan ya tuna.

"Ina zaton ƙarfafa miki gwiwa nake yi."

"Na sani. Ban taɓa cewa da mugunta ka yi ba. Kai abin da ka iya shi kake so, shi ya sa ba ka san akwai wanda Allah zai ba shi iya abu ya hana shi son sa ba. Ni na iya lissafi kamar yadda na iya wanke-wanke. In an ba ni zan yi, ya fita tas. Amma ban taɓa tashi da safe ina ɗokinsa ba."

Ta ja numfashi.

"Ƙawayena da suka shiga adabi, waɗanda ka ce lissafi ya kayar, Najeeba tana koyarwa, Mary tana gab da zama lauya. Ni mai kan, ga ni a ɗakin Dada, shekara ashirin da biyu, ba ni da komai sai takardar sallama."

"Ki yafe ni." Muryarsa ta karye. "Wallahi da na san haka ne..."

"Na yafe maka tuntuni. Ni ma da laifina. Da na buɗe baki na yi ta kuka ran nan har Baffa ya fasa sa hannu. Daga baya kuma son ka ne ya riƙe ni. Da ba na son ka, da tun shekarar farko na tattara kayana na dawo. Kullum sai in ce, in na bari, da wane ido Hamma zai kalle ni?"

Ya dafe kai da hannu biyu. Can waje wani mai sayar da rake yana ta kira, yara suna bin sa.

Da ya ɗago, sai ya yi tambayar da ya daɗe yana haɗiyewa.

"Gaskiya ne abin da nake ji game da Bamanga?"

Ba ta kawar da kai ba.

"Gaskiya ne yana zuwa. Sau uku ya zo, da sanin Baffa."

"Mai shirya wasan kwaikwayo a rediyo." Ya faɗa da ɗaci. "A ina ma ya san ki?"

"Tun ina aji biyu a jami'a nake aika musu gajerun labarai da wani suna. Ana karantawa ranar Lahadi. Goma sha ɗaya aka karanta."

"Ban taɓa sani ba."

"Na taɓa ce maka ka kunna rediyo ƙarfe huɗu. Ka ce kana kallon ƙwallo."

Ta ci gaba.

"Da labaran suka daina zuwa, shi ne ya yi ta cigiya har ya gano gidan nan. Ranar da ya fara zuwa bai yi mini jaje ba, bai ce Allah ya sa haka ne mafi alheri ba kamar kowa. Cewa ya yi, to yanzu me kike so ki karanta? Hamma, na buɗe baki in ba shi amsa sai kuka ya ƙwace mini. Tun da nake ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba."

"Kina son sa ke nan."

"A'a." Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. "Ina ganin girmansa, ina samun natsuwa in yana magana. Amma so, kai ma ka san inda yake. Da ana cire shi da hannu da na cire na huta."

"To in haka ne me ya rage? Rumaisa, kada ki yi mana haka."

"Na riga na yi rajistar jarrabawar shiga jami'a. Harshen Hausa da adabinsa na cike. Daga aji ɗaya zan fara, tare da ƙannen bayana. Ban damu ba."

Ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan dardumar, ya ɗauki fom ɗin.

"Shi ke nan. Yanzu zan yaga shi a gabanki. Ki karanta abin da kike so."

"In ka yaga, me za ka ce wa Umma?"

Hannunsa ya tsaya.

"Zan lallaɓa ta. A hankali za ta sauko."

"Wata shida kana lallaɓa ta." Ta share fuska da bayan hannu. "Tambaya ɗaya zan yi maka, don Allah ka gaya mini gaskiya. Duk lokacin da Umma take cewa na kasa, na ba ta kunya a kasuwa, ka taɓa gaya mata ba ni na zaɓi karatun nan ba? Ka taɓa ce mata kai ne?"

Ya kawar da kai.

Sau nawa maganar ta zo masa har maƙogwaro a shagon nan, ya mayar da ita? Kullum sai ya ce ba yau ba, ranta a ɓace yake. Gaskiyar ita ce, ya fi masa sauƙi a ce Rumaisa ta kasa da a ce shi ya yi kuskure.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Na gane," ta ce a hankali.

Sallamar Malam Bubayero ce ta katse su. Rumaisa ta miƙe da sauri ta shige bayan labule. Dattijon ya shigo da carbi a hannu, dogo, siriri, gemunsa ya yi fari fat. Nuruddeen ya gaishe shi yana durƙushe. Ya amsa, ya zauna, idonsa ya sauka a kan takardar da ke hannun saurayin. Ya miƙa hannu, Nuruddeen ya ba shi. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa.

"Daga Hajiya?"

"E, Baffa."

"Sharaɗi ne ke nan."

Nuruddeen ya sunkuyar da kai.

Malam Bubayero ya cire tabarau ya riƙe shi a hannu.

"Nuru, kai ɗana ne. Ban taɓa raba ka da 'ya'yan cikina ba, kuma ba zan ɗora maka abin da ni ma da hannuna a ciki ba. Kai yaro ne a lokacin. Ni ne babba, ni na ji abin da ta ce a tsakar gida, na yi kamar ban ji ba, don ina son a ce 'yar Bubayero likita ce. Yanzu in na ga ta wuce da wannan ramar sai abinci ya fita raina."

Ya ninke fom ɗin ya mayar cikin ambulan, ya ajiye a gaban Nuruddeen.

"Iyayen Bamanga sun aiko sau biyu suna neman a ba su rana su zo. Na ce musu akwai maganar wani a gaba. Shekaranjiya da suka sake aikowa na so in sallame su gaba ɗaya ko in amsa musu, don ba kyau a bar mutane a tsaye. Ita ta roƙe ni, ta bakin uwarta, in jira zuwanka na yau. Ta ce ka ce da magana za ka zo."

Ya dubi Nuruddeen ido cikin ido.

"To ga ni, ga ka. Magabatanka za su zo su nemi Rumaisa yadda take, ba fararen kaya, ba sharaɗi?"

"Baffa, ina son ta. Allah ne shaidata."

"Ban tambaye ka wannan ba, na san shi."

"A ƙara mini lokaci kaɗan. Wata biyu, ko ɗaya ma. Zan shawo kan Umma."

Dattijon ya ja carbinsa, ƙwaya ɗaya, biyu, uku. Sannan ya juya wajen labulen.

"Rumaisa, na san kina nan."

"Na'am, Baffa."

"A gidan nan ba a saba tambayar 'ya mace irin wannan a gaban baƙo ba. Ki yi haƙuri da ni yau. Kin ji abin da ya ce. In kin ce a jira, zan jira, ko shekara ce. In kin ce a'a, ki faɗa. Me zan ce wa iyayen Bamanga?"

Labulen ya ɗan motsa. Nuruddeen yana hango yatsun ƙafarta ta ƙarƙashinsa, da jan lallen da ya fara koɗewa. Yana jin shessheƙarta, tana ƙoƙarin danne ta. Ya so ya kira sunanta, ya ce yau ɗin nan zai je ya faɗa wa Umma komai. Harshensa ya yi nauyi.

Malam Bubayero ya ce, "Ina jin ki."

"Baffa..."

Ta tsaya. Ta sake farawa.

"Baffa, ka ce musu su zo."

Sai ƙarar gudunta zuwa cikin gida, da muryar Dada Yelwa tana cewa, "Zo nan, zo nan, ya isa."

Malam Bubayero ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Allah ya zaɓa wa kowa abin da ya fi alheri. Ka gaida Hajiya."

Nuruddeen bai san yadda ya fito ba. Ya tsinci kansa a cikin mota, rana ta yi ja a bayan gidajen Gabukka, 'yan Islamiyya suna ta wucewa da allunansu da jakunkuna. Ya sa makulli bai murɗa ba. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi kukan da rabonsa da irinsa tun rasuwar mahaifinsa.

Da ya lafa, ya ciro waya ya kira mahaifiyarsa. Bugu biyu ta ɗauka, hayaniyar masu rufe shaguna na tashi a bayanta.

"Yaya, ta karɓa? Ai na san za ta karɓa, yarinyar tana da hankali."

"Umma, ki nemi wuri ki zauna."

"Lafiya? Me ya samu muryarka?"

"An ba wani Rumaisa."

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Kuma akwai abin da ya kamata in gaya miki tun wata shida da suka wuce, na yi shiru don tsoro. Yarinyar nan da kike cewa ta kasa, Umma, ba ita ta kasa ba. Ni na kayar da ita."